Aikin kafinta a tsohon gida: bango mai tumbi, daɓe mai tudu da kwari

Kafintan da ya saba da sabon ginin bulo, ranar da aka kira shi gyaran gida a Birni ko Zango, tsofaffin unguwannin Zinder (Damagaram), zai yi zaton mitarsa ce ta lalace. Ya auna faɗin ɗaki a ƙasa ya samu mita 3 da santimita 5, a daidai ƙirji ya samu 3 da 11, kusa da rufi 3 da 18. Mitar lafiyarta ƙalau. Bangon tubali da gangan magini yake faɗaɗa gindinsa, yana rage kauri yana hawa, don ya ɗauki nauyin kansa da na rufin azara. Ga yaɓen da ake ƙarawa kafin damina shekara da shekaru, wani wuri ya yi kauri wani wuri ya zaizaye. Hatta gine-ginen zamanin Turawa, na lokacin da Zinder take babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926, ƙasa ta daɗe tana zama a ƙarƙashinsu, da wuya ka samu kusurwa huɗu da suka yarda da juna.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Abin da za ka haɗa, firam ne ko ƙyaure ko kabad, ka haɗa shi a miƙe, kusurwoyinsa daidai. Karkatar gidan kuma ka tara ta a wuri ɗaya, a jikin wani siririn katako da zai shiga tsakanin aikinka da bango. Wanda ya bi bango zai haɗa ƙofar da ba ta rufuwa. Wanda kuma ya ce sai ya sassaƙe bango ya miƙe, zai raunana gidan mutane.

Kafin a sauke kayan aiki

A fara da sama. Hau rufin ka duba indararo, ka duba inda ruwa yake kwanciya. Daga ciki ka ɗauki sukurudireba ka soki kan kowace azara a inda ta shiga bango, domin nan ne take fara ruɓewa. Azarar giginya mai kyau tana da tauri, gara ba ta cika damunta ba, to amma idan ɗigo ya daɗe yana sauka a kanta sai ta yi laushi kamar rake. Idan ƙarfen ya nutse fiye da santimita 1, ko ka ga azara ta lotsa a tsakiya, wannan aikin magini ne, kuma shi za a fara yi. Duk silin ɗin da aka buga ƙarƙashin rufi mai yoyo kuɗi ne aka zubar.

Sai tsagewar bango. Akwai tsohuwar tsaga da ta tsaya tun da daɗewa, akwai mai tafiya. Don ka bambance su, ja layi da fensir ya ƙetare tsagar a wuri biyu ko uku, ka auna buɗinta, ka rubuta awon da kwanan wata a jikin bangon. Idan bayan makonni, musamman bayan ruwan Yuli da Agusta, buɗin ya ƙaru ko layin ya goce, bangon yana motsi. Kada ka kafa firam a jikinsa sai an gano dalili, wanda yawanci ruwa ne yake cin gindi daga waje.

Gara kuwa tana barin shaida: siririyar hanya ta jar ƙasa da take bi ta bango, da katakon da idan ka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ganga. Cire duk tsohon katakon da ta shiga, har guntayen da aka binne cikin bango, ka fitar da su daga gidan.

Layin da komai zai dogara a kansa

Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Tunda daɓe ba abin yarda ba ne, rufi ma haka, sai ka ƙirƙiri layi guda kwance sak da zai zagaye ɗakin, duk awon da za ka yi daga jikinsa za ka ɗauka.

Nibo, wato ma'aunin nan mai ƴar kumfa a cikin ruwa, ba zai wadatar ba. Gajere ne, idan kana ɗaga shi kana ƙarawa kuskure yana taruwa, kafin ka zagayo ɗaki layinka ya saɓa da santimita 2. Abin da ya fi shi arha ya kuma fi shi gaskiya shi ne tiyo fari garau wanda ake ganin cikinsa, mai faɗin milimita 8 zuwa 10, tsawon mita 10 zuwa 15. Cika shi da ruwa ta hanyar zuƙo daga bokiti, ka bar ruwan ya yi ta gudu har kumfar iska ta fita kaf. Ɗan ɗigon bula a cikin ruwan yana taimaka wa ido a ɗaki mai duhu. Kafin ka fara, haɗa bakuna biyun wuri ɗaya ka duba: idan ruwan bai tsaya daidai da juna ba, akwai iska a ciki ko tiyon ya lanƙwashe a wani wuri. Kada kuma ka bar rabinsa a rana rabi a inuwa. Ruwan da ya yi zafi ya fi sauƙi, zai tashi sama da ɗan'uwansa, kuma a zafin Afrilu wannan bambancin yana iya kai milimita da yawa.

Yi alama a jikin bango kusa da ƙofa, mita 1 daga daɓe. Mutum ɗaya ya riƙe baki ɗaya a kan alamar, na biyu ya kai ɗaya bakin kowace kusurwa. Na farkon ne zai riƙa ɗaga tiyonsa ko saukewa har ruwa ya tsaya a kan alama, ya ce a zana. Ku toshe baki da yatsa idan za ku matsa, ku buɗe idan za ku karanta. Idan an gama kusurwoyi, a shafa wa zare bula ko garin gawayi, a ja shi tsakanin alamomi a ɗaɓa. A bango mai tumbi zaren zai taɓa tudu ya tsallake kwari, saboda haka ƙara alama ɗaya ko biyu da tiyo a tsakiyar dogon bango. Idan gyaran ya shafi ɗakuna da yawa, wuce da layin nan ta ƙofofi ya shiga kowane ɗaki, har zaure, kada kowane ɗaki ya samu nasa mita ɗayan.

Yanzu auna daga layi zuwa daɓe a duk rabin mita, ka rubuta lambar a bango. Za ka ga irin 100, 101, 103, 104, sai kuma 97 a wata kusurwa. Ƙaramar lamba ita ce tudu, babba ita ce kwari. Haka za ka auna daga layi zuwa sama, ka gano azarar da ta fi kowacce saukowa. Waɗannan wurare biyu, tudun daɓe da mafi ƙasƙancin rufi, su ne iyakar aikinka.

Tsayuwar bango kuma da zare mai dunƙulen ƙarfe ake gane ta. Rataya shi daga sama, santimita 10 daga bango, ka bari ya daina lilo, ka auna tazarar zare da bango a wuri biyar. Don kusurwa, auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan. Idan tsakanin alamomin ya ba da 100 cif, kusurwar daidai take. Da wuya ta bayar. Sanin yawan saɓanin shi ne amfanin awon.

Game da daɓen kansa, idan bambancin bai wuce santimita 1 ba weji, wato ɗan katako mai sirancewa da ake cusawa, ya isa. Daga 1 zuwa 3, za ka yanke gindin aikinka ya bi shi. Fiye da haka, a shawarci mai gida birkila ya sake zuba daɓe kafin ka kafa komai. Amma gangaren tsakar gida da na makewayi da gangan aka yi su don ruwa ya fita, kada a taɓa.

Katako

Kusan duk katakon da ake aiki da shi a Damagaram daga dazukan kudu yake zuwa, inda iska take da laima, kuma sau da yawa da ɗanyensa yake isowa. Idan ya haɗu da iskar hunturu sai ya tsuke. Tsukewar a faɗi take, tsawo kusan ba ya canjawa: ɗanyen falanki mai faɗin santimita 20 yana iya rasa rabin santimita ko fiye. Saboda haka a sayi katako tun kafin magini ya gama nasa aikin, a jera shi a inuwa, nesa da ƙasa, da ƴan sanduna tsakanin kowane falanki da na samansa a duk santimita 50, a ɗora nauyi a kai. Rana tana tsaga shi, jingina shi a bango kuma yana sa shi ya yi baka. Falanki mai kaurin santimita 2.5 yana bukatar aƙalla makonni 3 zuwa 4 a lokacin rani. Hanyar ganewa: yanki guntu ka riƙa auna nauyinsa a sikeli duk kwana uku, ranar da nauyin ya daina raguwa, ya bushe.

Jan katako na firam ne da duk abin da zai taɓa bango. Farin katako yana da sauƙin aiki da arha, amma abincin gara ne, a bar shi ga cikin kabad. Maganin gara a shafa shi bayan an gama yanka, kafin a haɗa, sau biyu, a kuma tsoma kan katakon a ciki na ɗan lokaci domin ta kai yake sha. Baƙin man mota da aka saba shafawa yana da wari, fenti ba ya kama shi, yana kuma ɓullowa ya ɓata yaɓe. In dole ne, a tsaya da shi a bayan firam da ƙafafun da za su shige bango.

Kafa firam ɗin ƙofa

Auna buɗin ƙofar a ƙasa, tsakiya da sama, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rage santimita 2 don weji ya samu wuri. Haɗa firam a ƙasa mai shimfiɗa, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, biyun su zo ɗaya. Buga ɗan katako a karkace a kusurwar sama, wani kuma a kwance kusa da ƙasa don ƙafafu kada su buɗe ko su matse. Bar ƙafafun da tsawon da ya wuce bukata da santimita 5 zuwa 10.

Nan layin mita ɗaya zai yi maka aiki. Duba inda ƙyauren zai share idan an buɗe shi, ka nemo tudun da ya fi tsayi a wannan zagayen. A ce ya ba da 100 daga layi, ƙyauren kuma santimita 200 ne. Ƙara santimita 1 na ratar ƙasa da milimita 3 na ratar sama, ka ga ƙarƙashin kan firam zai tsaya santimita 101.3 sama da layi. Auna 101.3 daga kan firam zuwa ƙasa a ƙafafu biyun ka yi alama. Idan daɓe ya ba da 100 a hagu, 102.5 a dama, sai ka yanke ƙafar hagu 100 ƙasa da alama, ta dama 102.5. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma idan alamomin biyu suka hau kan layi kan firam ya kwanta sak. Masu yanke ƙafafu daidai da juna su ne suke dawowa suna fere saman ƙyaure a karkace.

Ƙafar firam kada ta zauna a kan ƙasa tsirara. A ɗora ta a kan dutse ko ɗan dunƙulen siminti da ya ɗaga santimita 2 zuwa 3, a rage wannan tsayin daga tsawon ƙafar, a sa guntun leda mai kauri a tsakani. Ruwan wanke ɗaki da gara duk ta nan suke shiga.

Fara da gefen hinji. Tsayar da shi da zare ta fuska biyu: kada ya jingina hagu ko dama, kada ya faɗa ciki ko waje. Weji a riƙa sa shi biyu-biyu, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje suna haɗuwa, a bayan kowane hinji da wurin makulli. Weji ɗaya tilo yana murɗa firam. Bayan an tsayar da ɗaya gefen, ja zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa su gicciye. Idan suka taɓa juna a tsakiya da ƙyar, firam bai murɗe ba. Idan akwai rata tsakaninsu ko ɗaya yana danne ɗaya, ƙafa ɗaya ta shiga gaba. Tunda bangon yana da gindi mai faɗi, firam zai yi daidai da fuskar bango a ƙasa ya fito a sama, ko akasin haka. Kada ka kwantar da shi don ya bi bango. Ƙyauren da aka rataya a firam mai jingina shi ne wanda yake buɗe kansa cikin dare ko ya rufe a bayan mutum.

Kusa ba ta kama bangon ƙasa, robar sukuru ma haka. Wata biyu ana buga ƙofa sai su saki. Abin da yake riƙewa shi ne ƙarfe mai faɗin santimita 3, tsawon 25, a ɗaure kansa ɗaya da sukuru biyu a bayan firam, a tsaga ɗaya kan a buɗe shi kamar wutsiyar kifi. Uku a kowane gefe. A haƙa rami a bango wanda cikinsa ya fi bakinsa faɗi, a share ƙura, a yayyafa ruwa, a cusa kwaɓi da tsakuwa a danna sosai. Cikin ramin kawai za a iya amfani da siminti, saboda siffar ramin ce take riƙe dunƙulen. Sauran ratar da ke tsakanin firam da bango a cike ta da irin ƙasar da aka yi ginin. Siminti ba ya haɗa jiki da ƙasa, yana ɓamɓarewa, yana kuma tsare laima a bayansa. A bar weji da katakon ƙarfafawa kwana 3 aƙalla, kwana 7 ya fi, kafin a rataya ƙyaure.

Duba saman ƙofar ma. Azarar da ke kan ƙofa, ko linta, ita ce take ɗaukar bango, ta kuma shige aƙalla santimita 20 zuwa 30 a kowane gefe. Bar ratar santimita 1 tsakaninta da kan firam, a toshe da abu mai laushi. Firam ɗin da aka matse ƙarƙashin azara mai lotsawa, shekara ɗaya zai danne ƙyaure.

Ƙyaure da yanayi

Ƙyauren da aka jera falankai aka manne da gam, faɗinsa duka yana numfashi: ya kumbura da damina, ya tsage da hunturu. Wanda aka yi da firam da allo a tsakiya ya fi zama lafiya, da sharaɗin allon yana zaune cikin kwarmi ba gam ba kusa, da ratar milimita 3 a kowane gefe. Ratar da za ka bari tsakanin ƙyaure da firam kuma ta danganta da watan da kake aiki. A Janairu ko Maris katako yana ƙarshen tsukewarsa, bar milimita 4 zuwa 5 a gefen makulli. A Agusta ya riga ya kumbura, milimita 2 ya isa. Fere gefen makullin da ɗan gangare zuwa ciki don kada kusurwarsa ta ci firam wajen rufewa. Hinji uku: ɗaya santimita 15 daga sama, ɗaya 25 daga ƙasa, na uku a tsakiya. A yi fenti ko banish a fuskoki shida, har da sama da ƙasa waɗanda ido ba ya gani, domin ta nan laima take shiga.

Idan daɓe yana hawa zuwa cikin ɗaki, ratar ƙasan ƙyaure za ta yi yawa idan an rufe. Dokin ƙofa na siminti ko jan katako yana toshe ta, ya tare ƙura da kunama, ya kuma tare ruwa a gidajen da titi ya riga ya fi ɗaki tudu.

Taga aikinta ɗaya da ƙofa, illa gindinta daga waje a ba shi gangare, a fito da shi santimita 3 zuwa 4 gaba da bango, a yi ƴar kwarmi a ƙarƙashinsa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi yaɓe.

Kwafar bango

Wannan dabarar ce take raba aikin gwani da na mai cusa foti. Kana da katakon da zai haɗu da bango mai tudu da kwari. Tsayar da shi a miƙe da nibo, gefensa yana taɓa bango a inda tumbin ya fi fitowa, ka ɗaure shi kada ya motsa. Nemo inda ratar ta fi faɗi, a ce milimita 22. Yanki ɗan guntun katako mai kaurin milimita 22. Ɗora shi a jikin bango, fensir a gefensa a kan falankin, ka ja su tare daga sama har ƙasa. Guntun yana bin bango, fensir yana kwafe siffarsa. Riƙe su a kwance koyaushe; idan hannunka ya karkata layin zai yi ƙarya.

Yanka da zarto a karkace kaɗan zuwa baya, yadda fuskar gaba ce kawai za ta taɓa bango. Bar layin fensir ɗin, ka gwada, ka ƙarasa da sanfefa ko abin fere katako a inda ya tokare. Ka tuna falankin zai rasa waɗannan milimita 22, saboda haka ka yanko shi da faɗin da ya wuce bukata tun farko. Inda bango biyu suka haɗu, ko cikin alkuki da ake so a sa masa kanta, kada ka gwada da katako mai tsada. Yanki siraran kwali, ka kwafi kowane gefe daban, ka manne su wuri ɗaya su ba ka siffar wurin, sannan ka zana a kan katako.

Bangon ƙasa yana zubar da gari idan katako yana gogarsa. Bar ratar milimita 2, a shafe da yaɓe mai laushi.

Kabad da kanta

Kada ka ɗora kabad kai tsaye a daɓe. Fara haɗa masa gindi daban, akwatin jan katako mai tsayin santimita 8 zuwa 10. Ajiye shi, ka fara daga tudu, ka ɗaga sauran kusurwoyi da weji har nibo ya yarda ta tsawo da ta faɗi. Abin da za ka cusa a ƙarƙashi ya zama guntun tayil ko roba mai tauri; farin katako gayyatar gara ne. Sai ka kwafi daɓen a jikin falankin da zai rufe gaban gindin, kamar yadda aka kwafi bango. Akwatin kabad ɗin kuma ka rage faɗinsa ya bar santimita 5 zuwa 8 a kowane gefe, a rufe da katakon da aka kwafa. A baya a bar santimita 3 zuwa 5 don iska ta zagaya, kuma idan za ka iya, sa bayan da sukuru yadda za a buɗe a leƙa sau ɗaya a shekara. Idan ƙofofin kabad suka ƙi daidaita da juna, kafin ka taɓa hinji duba gindin, kusan kullum kusurwa ɗaya ce ta sauka.

Nauyi a bangon ƙasa, kan daɓe ake kai shi. Kantar da za ta ɗauki tukwane ko littattafai a yi mata ƙafafu har daɓe, ƙarfen da ke bango aikinsa kawai hana ta faɗowa gaba. Filawud mai kaurin milimita 18 kada ya wuce santimita 80 ba tare da matokari ba, mai 12 kuma 50. Inda ba makawa sai an rataya, a huda bangon gaba ɗaya a sa dogon noti da faffaɗan ƙarfe a bayansa, kuma wannan ma a ƙasan bango inda yake da kauri.

Silin

A ɗakin da azararsa take da kyau, ko soro mai bakan gizo, shawararmu ita ce kada a rufe. Tsayin nan shi yake kawo sanyin ɗakin, kuma azarar da ido yake gani ita ce ake lura da ita tun ɗigo bai yi ɓarna ba. Bayan silin jemage da gara suke samun gida. Amma ɗakin da aka mayar rufin kwano yana bukatarsa saboda zafi.

Auna daga layin mita ɗaya zuwa sama da lamba ɗaya a duk kusurwoyi, ka tsaya aƙalla santimita 8 ƙasa da mafi ƙasƙancin rufi, ka ɗaɓa zare. Kada ka auna daga rufi zuwa ƙasa. Katakon zagaye mai santimita 4 da 6 a kafa shi da ƙarafa irin na firam a duk santimita 60. Inda bango ya shige ciki a cusa abu a bayansa, kada a danna shi ya bi kwarin. Manyan katakon su bi gajeren ɓangaren ɗaki, kawunansu su shige bango santimita 10 zuwa 15 bayan an shafe su da magani. Allon filawud santimita 122 ne da 244, don haka tazarar 61 ko 40.6 daga tsakiya zuwa tsakiya take sa gefuna su faɗa kan katako. Ga siririn allo mai milimita 4, ɗauki 40.6, a 61 zai yi ciki bayan damina ɗaya. Ja zare ƙarƙashin katakon daga bango zuwa bango kafin ka buga allo, ka ɗaga tsakiyar ɗaki da kamar rabin santimita, domin silin da yake kwance sak ido yana ganinsa kamar ya lotsa.

Tunda ɗakin ba murabba'i ba ne, fara jera allo daga layin tsakiya, yankakkun su faɗa gefe da faɗi kusan ɗaya. Idan ka fara daga bango za ka ƙare da wani siririn yanki mai kama da wuƙa a ɗaya gefen, kuma shi kowa zai fara gani. Bar milimita 3 tsakanin allo da allo a rufe da siririn katako. Bar ƙofar leƙe mai 60 da 60 a wata kusurwa, da ƴan kafofin iska masu raga a bango sama da silin. Fanka kuma a rataya ta a ƙarfe ko katako mai kauri da ya ƙetare daga bango zuwa bango, a kafa shi tun kafin a rufe.

A gindin bango, inda a sabon gini ake zagaya siririn katako, a tsohon gidan ƙasa a sa tayil ko a bar yaɓe. Nan ne laima take taruwa, katakon da aka manna a wurin kuma rumfa ce ga gara, za ta bi bayansa har ta kai firam ɗin da ka sha wahalar kafawa.